Ga Shi Hagu

Zuwa ga autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa mai kewar 'yarta, tare da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tana nan da halinta, yayanki ya kawo wani man shafawa mai warin tsiya, ina shafawa don kada ya ce na raina. Gwaggonki ta warke har ta koma faɗa da maƙwabta.

Sai maganar da kika dame ni da ita a waya, wai in rufe gida in komo wurinki. Na san na yi miki tsawa na ce ba inda za ni, har na kashe wayar. To zauna ki ji abin da ya faru.

Kin san tun rasuwar Babanku, Allah ya jiƙansa, ban taka dausayin nan da muke zuwa ɗaukar hoton tsuntsaye ba. Ran Asabar na gaji da kallon bango, na saɓa kyamararsa na tafi. Gadar katakon tana nan, har da allon nan mai ƙara da yake cewa shi ke tona mana asiri. Baƙaƙen tsuntsayen nan masu nitso, da yake kira 'yan shanya, suna jere a kan kututture, kowa ya baje fukafukai yana shan hantsi kamar an yi wanki. Mai gadin wurin ya yi mini gaisuwa, ya ce ya daɗe yana cigiyarmu.

Ke ba ki taɓa sanin yadda muke aikin ba, kullum kina can kina ƙorafin sauro. Tsuntsun nan in ya nitse ba ya fitowa inda ya shiga, kuma wanda ya manna ido a kyamara ba ya ganin sauran ruwan. Don haka ni ke tsayawa bayan Babanku ina bin kumfa da motsin ciyawa, da na ga alama sai in dafa kafaɗarsa in ce hagu ko dama, shi kuma ya juya ya danna. Hotunan nan da ke falo da yake cika baki da su, wallahi rabinsu idona ne.

To ran Asabar ɗin nan, sai wani tsuntsu ya nitse. Na bi kumfar, na ga inda zai ɓullo. Ya kuwa fito da kifi a baki yana sheƙi, irin hoton da Babanku ya shekara yana nema. Auta, sai jin muryata na yi ina cewa ga shi hagu, hannuna a miƙe yana neman kafaɗa. Kyamara kuwa tana rataye a wuyana, ko murfinta ban cire ba. Tsuntsu ya haɗiye kifinsa ya kama gabansa. Na daɗe tsaye da hannu a sama kamar mai tsayar da mota, sannan na zauna a kan katako na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

A hanyar gida na lura, ban da amsa gaisuwar mai gadi, tun fitowar rana wannan ce kaɗai maganar da na yi da ƙarfi, ita ma ba wanda ya ji. Kaɗaici ya ci ni, 'yar nan, na gaji da cewa lafiya lau. Zan zo. Amma kada ki turo mini mijinki da mota kamar za a kwashe kaya. Ki zo da ƙafarki, ki kwana biyu a ɗakinki, mu naɗe kayan Babanku tare, don ni kaɗai na kasa buɗe durowar.

Ki gaida maigidan naki, ki gaida surukarki da jiki. Ki ce wa angona ƙarami ya daina haƙilo, amaryarsa na tafe da sandarta. Yayanki bai sani ba tukuna, ki bari in faɗa masa da bakina.

Taki,
Mama