Taga a Buɗe, Ƙofa a Rufe

Mostar,
ranar Lahadi, cikin watan Yuni.

Zuwa ga Yayata Senada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Sweden ɗin naku da ko a Yuni kike ce mini da bargo kike kwana? Allah ya ƙara lafiya, ya raba gwiwarki da ciwon nan da ke taso miki in an yi ruwa. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi, in dai za a kira wanda ke narkewa a tsaye mai lafiya. Maigidana Nermin ya koma bakin teku tun farkon wata, otal ɗin da ya yi wa aiki bara ne suka sake ɗaukarsa, sai Satumba ni da 'yarsa Lamija za mu sa shi a ido. Mama tana nan da ƙarfinta, har ya yi yawa, za ki ji. Almir ɗan Kawu Ibro ne zai kawo miki wannan tare da busasshen ɓaure da gahawa. Ban yi miki maganar a waya ba, don duk lokacin da na fara shirya ta a baki sai ta tarwatse mini.

Kin san zafin garinmu, amma wallahi ke da na bana ba ku taɓa gaisawa ba. Tun hantsi duwatsun nan suke fara huci, kwalta tana kama takalmi, karnuka ma sun daina haushi. Ajin su Lamija kuwa ƙaddara ta kai shi hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufin kwano, tagoginsa suna kallon rana ido da ido. Da farko aka rage tsawon darasi, wai a sauƙaƙa wa yara. To ita Lamija tana cikin waɗanda ake riƙewa a makaranta har la'asar sai iyayensu sun taso aiki, saboda haka ragin bai tsinana mata komai ba, a ajin dai take zaune. Ana nan sai wani yaro da suke benci ɗaya, Tarik, ya yi haɓo, ya miƙe zai je wurin malama, ya yanke jiki ya faɗi sumamme. Ya farfaɗo, Allah ya kiyaye, amma a ranar aka kira taron iyaye.

Malama Belma, malamar ajinsu, yarinya ce mai hankali. Ta ce da za a bar ta ta buɗe tagogi da ƙofa a lokaci guda, iska ta ratsa, da abin ya yi sauƙi. Yaya, da kin ga yadda ajin ya hargitse. Ko shekarun da kika yi a waje sun mantar da ke promaha, iskar nan da in ta shigo ta taga ta sami ƙofar fita sai ta tafi da wuyan mutum ko kunnensa ko ƙodarsa? Hajro direban tasi ya buga tebur ya ce shi zafi bai taɓa karkata bakin kowa ba, amma promaha ta sa surukinsa har yau da gefe ɗaya yake dariya. Wata ta ce to a sayi fanka. Aka yi na'am, sai aka zo kan inda za a girke ta. Ba mai son ta hura ɗansa a ƙeya, ba kuma mai son a zaunar da ɗansa nesa da ita. Muka ɓata lokaci muna rabon iskar fankar da ba a ma sayo ba.

Kin san ƙanwarki da baki. Na hango Sabina, mahaifiyar Tarik, a can gefe tana murza bakin gyalenta, raina ya ɓaci, na miƙe. Na ce yara ba burodi ba ne da za a jefa a tanda a tsaya jira, karatun 'yan makonni bai kai ran yaro ɗaya ba, a rufe makarantar kawai. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a bayana ta ja mini riga, ta ce in an rufe ina za mu kai su? Na ce mata a ceci rai tukuna. Aka tafa mini, Yaya, ni Mersiha. Shugaban makaranta ya ce dama hukuma ta bar wa kowace makaranta ta duba halin da take ciki, to za a rufe na mako guda a gani. Na fito ina taku kamar wadda ta ci zaɓe. Sai da na kai gada sannan tambayar matar nan ta cim mini.

Ke kin san aikina. Ina ɗakin sanyi na kantin naman Fikret, ina yanka, ina niƙa, ina naɗewa, da rigar sanyi biyu da safar hannu, gari yana ci da wuta ni ina hura yatsu. Yanzu kuma lokacin baƙi ne, duk gidan abincin da ke bakin kogi namanmu yake jira. Na nemi hutun mako guda, Fikret ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi ma yana son hutu, in na ga inda ake rabawa in karɓo masa. Na kira Nermin, ya ce in yi haƙuri in san yadda zan yi. Na ce masa na gode ƙwarai, wannan shawara ba ta taɓa faɗo mini ba. Ba abin da ya rage sai gidan Mama, hawa na biyar. Ta yi murna kamar an yi mata bushara da Makka. Na roƙe ta don Allah ta riƙa buɗe taga da ƙofar baranda, ta ce to. Kin san "to" ɗin Mama.

Ranar Laraba da na taso aiki na tura ƙofar gidan, sai na ji kamar na ɗaga murfin tukunya. Tagogi a rufe, labule a sake, har tsumma an cusa ƙarƙashin ƙofar baranda. Mama tana kicin tana dafa miyar wake, ta ce in yi a hankali, yarinya tana barci tun azahar. Na same ta kwance a doguwar kujera da singileti a ƙarƙashin riga, fuskarta ja wur, jikinta zafi rau, ba ko ɗigon gumi. Na girgiza ta, ta buɗe ido ta kira ni Malama, sannan ta yi amai. Ashe duk yinin ruwa mai ɗumi ake ba ta, kada maƙogwaronta ya kama, ita kuma ta ƙi sha. Ban san yadda na sauko benen nan da ita a kafaɗa ba. Tasin da ya tsaya mana kuwa na Hajro ne. Da ya ga yarinyar, shi da hannunsa ya sauke gilasan motar duka. Ni kuma mai jawabi, ina rungume da ita ina kuka, sai na ga tafin hannuna ya rufe mata ƙeya kada iska ta buge ta. To ki faɗa mini, Yaya, da wa nake faɗa?

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, kafin magariba ta dawo hayyacinta har tana neman kankana. Likitar ta ce zafi ne ya buge ta, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ta tambaye ni ko a makaranta abin ya faru. Na ce a'a, makaranta a rufe take saboda zafi. Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mama ta biyo mu asibitin tana haki, riƙe da rigar sanyin yarinya. Ta dage ita iskar bene ce ta bugi Lamija da safe, ta kawo mini misalin Kawu Ibro da wuyansa ya ƙage bayan ya zauna kusa da tagar bas. Na ɗaga mata murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Sai ta ninke rigar, ta ce, "Ku biyu na raina a ɗakin ƙasa lokacin yaƙi, ana ruwan wuta a kanmu, ba wadda ta yi ko tari. Yau ni ce zan kashe jikata?" Ta fashe da kuka. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar ta ce kada in sake kai mata yarinya tunda gidanta ya zama abin tsoro, amma kullum sai ta aiko maƙwabciyarta da abinci a kwano. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, kuma ko da ta ce in kawo ta gobe, ban san ko zan iya ba.

Alhamis ban je aiki ba, Fikret ya haɗiye. Juma'a na tafi da Lamija kantin, na zaunar da ita kan akwati a lungun da ke tsakanin ɗakin sanyi da wurin ciniki, na ba ta takarda da fensir mai launi. Da na juya baya sai ta saɗaɗo ciki wurina, wai nan ya fi daɗi. Kafin azahar ta fara atishawa, hanci yana zuba. Fikret ya kira ni gefe, bai yi mini tsawa ba. Ya ce shi ma yana da jikoki, amma in masu duba tsafta suka shigo suka ga yarinya kusa da injin niƙa da wuƙaƙe, kantin za a rufe, mu duka mu koma gida. Ya ce wannan ne na farko kuma na ƙarshe, in ba zan iya ba in faɗa masa ya nemi wata. Na rasa ta inda zan ji haushinsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da labarin atishawar ya kai wa Mama, sai ta aiko a ce mini ita dai ba ta ce komai ba.

A yammacin ranar aka sake kiran mu makaranta. Shugaban ya ce zafin ba shi da niyyar tafiya, sai mu zaɓa: ko a rufe har ƙarshen zango yara su yi karatu ta waya, ko a buɗe ranar Litinin. Nan na ga ikon Allah, kowa ya sauya kujera. Hajro da ya fi kowa ƙin rufewa, shi ne yanzu ke cewa a rufe, ya ga abin da ya gani a motarsa. Masu aiki daga gida da na'urar sanyi a falo suka ce a rufe, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne, maganata ce ma suke maimaitawa. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce ita duk makon babbar 'yarta ta bar wa ƙannenta da murhun gas, a wurin aiki zuciyarta tana gida. Shugaban ya yi ta kallona yana jiran jawabi, ni kuwa na ga takalmina bai taɓa ba ni sha'awa kamar ranar ba.

Aka ce masu son a buɗe su ɗaga hannu. Hannun da ya fara tashi na Sabina ne, wadda ɗanta ya suma a ajin nan da muke zaune. Na saki baki ina kallonta. Ta matso ta ce mini a hankali, ita sharar ɗakunan otal take yi, duk makon kulle Tarik take yi a gida shi kaɗai ta tafi da mabuɗi. Ta ce, "A aji in ya faɗi akwai mai gani." Ban san lokacin da nawa hannun ya bi nata ba. Muka yi rinjaye da ƙyar, ba wanda ya tafa. Daga nan aka koma kan iska, aka daidaita a kan tagogi a buɗe, ƙofa a rufe, fanka kuma an sayo, za a juya ta tana kallon bango.

To ga inda nake, Yaya. Har yanzu in kika tambaye ni a rufe ko a buɗe, zan ce miki a rufe, kuma gobe da kaina zan kai Lamija. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga wanda zan nuna da yatsa in ce shi ne mugu ba. Bana saura kaɗan a yi hutu, Nermin ya ce ƙanwarsa za ta karɓe ta a ƙauye, amma Satumba tana nan tafe da nata zafin, baɗi ma haka. Ku can da kuka fi mu tsari, yaya kuke yi da yara in iyaye suna aiki, ko zafin ne bai san hanyar garinku ba? Ki rubuto mini ko da abin da za ki ce shi ne na yi wauta. Sannan don Allah ki kira Mama ki lallashe ta, ke take ji. Kada ki ambaci taga a kiran farko.

Ki gaida Yaya Ekrem da kyau, ki ce ina yi masa ban gajiyar aiki. Ki sumbaci Adna da Vedad, ki ce innarsu tana kewarsu. Kawu Ibro yana gaishe ku, Lamija ma ta ce a gaida mai aiko da cakulan.

Ɗazu da la'asar muna cika gorar ruwanta za mu sa a firji ta daskare kafin safiya, sai ta tambaye ni, in ta faɗi kamar Tarik wa zai gaya mini, tunda waya ba ta shiga ɗakin sanyi. Ban san ta lura da wannan ba ranar da na je da ita. Na ce mata, "Ba za ki faɗi ba." Ta murɗa murfin gorar ta miƙo mini, ta ce, "Haka mamar Tarik ta ce masa a bakin ƙofa da safen ranar da ya faɗi, da ya ce kansa yana juyawa." Sannan ta je ta shirya jakarta da kanta.

Ki sa mu a addu'a, Yaya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Mersiha