Madugun 'Yan Wasana Ya Fara Kirana Da Sunan Mamaci

Goggo Verna,

Don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Shekara ashirin ina yi wa matata Darla dariya in na ga tana karanta filin nan naki, yau ga shi na kawo kaina. Na canza sunaye, duk da na san mutanen yankinmu za su gane.

Ni ne kocin ƙwallo a wata ƙaramar kwaleji a yammacin Kansas, ƙwallon nan tamu ta Amurka, ta kwalkwali da karo da kafaɗa. Bara wasa goma muka buga, goman aka ci mu. 'Yan wasana 'ya'yan manoman alkama ne, ba su da jiki, manyan makarantu sun kwashe ƙattan. Ga iskar nan tamu, ka jefa ƙwallo gabas ta sauka kudu. Shugaban kwaleji ya kira ni ofis, ya zuba mini kofi na sha, ya ce bana ce damata ta ƙarshe.

A watan Yuni ina gyaran ɗakin kaya da ke ƙarƙashin benen 'yan kallo, sai na ci karo da wani littafi a bayan tsofaffin kwalkwali, an rubuta shi da fensir. Na marigayi Koci Dettmer ne, wanda ya riƙe ƙungiyar nan tun kafin a haife ni. Tsohon salon nan ne da ake kira zaɓi uku, wanda kusan kowa ya watsar. Ba a cika jifa ba, gudu ake yi. Madugu, wato wanda ake fara miƙa wa ƙwallo, zai zuba wa mai tsaro guda ɗaya ido. Ko ya cusa ƙwallon a hannun ɗan wasan da ke bayansa, ko ya ruga da ita da kansa, ko kuma ya jira sai mai tsaron ya zo daf da shi ya cilla wa na gefe. Ƙarami yana iya ka da babba da salon nan. Aibinsa ɗaya: madugu yana shan bugu kusan kowane tashi, ko ƙwallon na hannunsa ko ba ta.

Na kwafi shafi talatin na farko na raba wa yara. Madugunmu Colby Unruh, ɗan shekara ashirin, ya ɗauki abin kamar da shi aka haife shi. Goggo, wasa bakwai muka ci a jere. Garin da ake kulle kantuna tun la'asar, yanzu ran Asabar ba masaka tsinke a fili. Matan coci suna aiko mana da gasasshen nama da kek, an rubuta sakamakonmu da fenti a jikin rumbun hatsin gari.

Abin ya fara ne a wasa na uku. Wani ƙato ya ɗauke Colby ya maka shi da ƙasa, har daga inda nake na ji ƙarar kwalkwalinsa. Ya kwanta bai motsa ba. Sai na ji bakina ya ce, "Tashi, ɗan nan! Ƙasa ta matattu ce!" Ya kuwa tashi, aka yi ta tafi, muka ci wasan.

Tun daga ranar ya fara jan ƙafar hagu kaɗan in yana tafiya. Kafin a miƙa masa ƙwallo sai ya ƙwanƙwasa kunnen kwalkwalinsa sau biyu, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana a wurin atisaye ya nufi ƙarshen fili ta arewa ya tsaya yana dube-dube, na tambaye shi me yake nema, ya ce famfon ruwa. Babu famfo a wurin. Daga baya na ga tsohon hoto a ofis, ashe da akwai, an cire shi shekara arba'in da suka wuce.

A wasa na biyar ya kira wani tsari, "Ja arba'in da ɗaya." Ban koyar da shi ba. Yaran suka tsaya cirko-cirko, shi kuwa ya ruga shi kaɗai ta inda ba wanda ya zata, sai da ya kai ƙarshen fili. Da na koma gida na buɗe littafin. Yana nan a shafi na hamsin da biyu, cikin waɗanda ban kwafa ba, kuma littafin a kulle yake a durowata. Da na tambaye shi inda ya samo, ya dube ni ya ce, "Ai kai ka koya mini, Koci Dettmer." Sai ya yi dariya ya ce bakinsa ne ya kuɓuce.

Na ce masa ya huta mako guda. Ya ce, "Haba Koci, kan nan nawa dutse ne. Babata ta ce tun ina ƙarami ba abin da ke shiga cikinsa, har da karatu. Kakana a keken guragu ake turo shi daga gidan tsofaffi don ya kalle ni, sai ka zaunar da ni a benci?" Mai duba lafiyar 'yan wasanmu sau biyu take zuwa a mako. Ta sa shi ya lissafa watanni daga ƙarshe zuwa farko, ya rattabo su tsaf. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ban gaya mata zancen famfo ba, ban gaya mata zancen sunan ba. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke.

Ran Talatar makon jiya da tsakar rana, dattijo Eldon mai yanke mana ciyawar fili ya kashe injinsa ya yafito ni. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce, "Koci, wa ya koya wa yaron nan tafiyar Lyle?"

Na ce wane ne Lyle. Ya ce Lyle Brungardt, madugun Dettmer a shekarar 1978, kuma shi Eldon ne yake miƙa masa ƙwallo. Shi ma a farkon kakar wasa aka buga shi da ƙasa, ya tashi, ya ci gaba da wasa mako shida yana jan ƙafa yana ƙwanƙwasa kwalkwali. A wasan ƙarshe, lokacin hutun rabin lokaci, ya zauna kusa da Eldon a benci ya ce, "Kai, wa ya kashe fitila?" Ƙarfe biyu ne na rana. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Dettmer bai sake taka filin ba har ya mutu.

Sannan Eldon ya dube ni ya ce, "Kai kuma maganar da ka yi ranar da aka maka yaron nan da ƙasa, a ina ka ji ta? Ita Dettmer ya gaya wa Lyle. Ina tsaye a kansa." Goggo, na bi littafin nan shafi-shafi sau uku. Maganar ba ta ciki.

Jiya muna atisaye, sama tangaran ko ɗigon gajimare babu, Colby ya ɗaga kai ya ce, "Koci, hadari ne ya taso? Na ga gari ya yi duhu."

Asabar ɗin nan za mu kara da makarantar da Lyle ya mutu a wasanta. In mun ci, kofin yanki namu ne, karon farko tun wancan zamani. Darla ta ce in ƙone littafin. Fasto ya ce mu dage da addu'a. Ni kuwa tambayata ita ce: salon nan ne yake da wani abu a tattare da shi? In watsar da shi mu koma jifa, a ci mu, a kore ni? Ko in rufe ido mu buga wasa ɗayan nan da ya rage, in ya so daga baya in kai yaron asibiti?

Naki,
Kocin da ya tono abin da aka binne

*

Ya kai Koci,

Wasiƙa arba'in na tsallake don taka ta fito yau Alhamis, saboda haka ba zan yi maka zagaye-zagaye ba.

Ban san abin da ke yawo a filinku ba, kuma ba zan rantse maka cewa babu komai ba. Na tsufa a ƙasar nan, na ga abin da ban iya fassarawa ba. Wataƙila Colby ya ji labarin famfo da sunan tsarin nan a bakin kakansa tun yana ƙarami, bugun ya tono su. Wataƙila ba haka ba ne. Amma jan ƙafa ɗaya, da rikita sunan mutum, da ganin duhu da rana tsaka, waɗannan ba sai an kira fasto ba. Alamun rauni ne a ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa har da jini da ke taruwa a hankali. Ni ba likita ba ce, shi ya sa nake cewa ka kai shi wurin likita, a babban asibiti inda za a ɗauki hoton kansa, yau. Ka kira iyayensa kana hanya. Ka gaya wa likitan duk abin da ka gaya mini, har da tsayuwar da ka yi a bakin ƙofa ka yi shiru. Kada ka nemi shawarar Colby, ɗan shekara ashirin da gari ke yi wa tafi ba zai taɓa cewa a zaunar da shi ba. Aikinka ne ka ce.

Game da salon, kada ka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Mijina marigayi ya yi shekaru yana alƙalancin wasa, na san abin da zaɓi uku ke yi wa ƙaramar makaranta. Yana cinye lokaci, yana hana ƙattan can riƙe ƙwallo, kuma abokan karawa mako ɗaya kacal suke da shi su koyi abin da ba su saba gani ba. Ka yi dabara da ka ɗauko shi. Amma yana da farashi: in aka riga ku da maki da yawa, da wuya ku kamo, kuma jikin madugu ne ke biya. Wanda zai yi salon nan sai ya tanadi madugu biyu ko uku, ya koya musu cilla ƙwallo da wuri, ya kuma yarda ya cire gwaninsa ranar da aka buga kansa da ƙasa. Littafin fensir ne da takarda. Ka bar shi a durowa, ka gaya wa Darla ta adana ashanarta.

Ka lura da wani abu. Ka cika wasiƙarka da yadda yaron ya zama Lyle, amma ni abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne yadda kai kake zama Dettmer. Shi ma ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga alamu mako shida, ya ce bari a gama wasa ɗayan nan tukuna. Colby ba shi da iko a kan abin da ke faruwa a kansa. Kai kana da iko a kan naka.

Ran Asabar ka sa madugunka na biyu, ku buga salonku. Mai yiwuwa a ci ku, mai yiwuwa shugaban ya cika alkawarinsa, wasu su daina gaishe ka a kanti. Ba zan ce maka ba ciwo ba. Amma kocin da ya ɗaga ƙungiya daga sifili zuwa bakwai zai sami wani aikin, kuma za ka iya haɗa ido da mahaifiyar Colby duk inda kuka gamu. Ka kuma zauna da Eldon ku sha kofi, mutumin nan shekara arba'in da ɗoriya yana ɗauke da wannan kaya shi kaɗai.

Yanzu ka ajiye jaridar nan ka ɗauki makullin mota. Allah ya ba Colby lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka ce masa a'a.

Taka,
Goggo Verna