Ƙafar Katako

Litinin, 3 ga Maris
Agarata ta dama, jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta sake kumbura. Da safe sai na dafa gado kafin na taka. Ban gaya wa kowa ba, amma Kimeli da muke ɗaki ɗaya ya gani. Da yamma shi da wani suka zaunar da ni a ƙasa yadda aka saba, ɗaya ya hau bayana, ɗaya ya ja yatsun ƙafata da igiya. Tun zuwana sansanin masu gudun nan na Iten, a Kenya, ake yi mini haka, wai ɗan gudun da bai iya taɓa yatsunsa ba bai fara ba. Shi ya sa suke ce mini Katako. Don alheri suke yi, na sani.

Laraba, 5 ga Maris
Wata likitar gashin ƙashi ta zo daga jami'a, Daktari Jelagat. Bincike take yi a kan laushin jikin masu gudu. Ta jera mu, kowa ya zauna ya miƙa hannu a kan wani akwati mai lambobi. Ni ko bakin akwatin ban kai ba. Aka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba, ƙafata take kallo.
Ta shafa mini wani abu mai sanyi, ta ɗora na'urar nan da ake duba masu ciki. Kimeli ya leƙo ya ce, "Daktari, namiji ne ko mace?" Ta ce, "Tagwaye ne, kai za ka yi reno." Har Mzee Tarus, kocinmu, sai da ya murmusa.
Da aka watse ta tambayi abin da ake yi wa ƙafar. Na faɗa mata igiya. Ta rufe ido ta daɗe.

Alhamis, 6 ga Maris
Na shiga gudun taro duk da haka. Ranar Alhamis ba a fita daga ayari, wanda ya tsaya sai ya sha tsiya har wata ya mutu. Na gama. Yanzu ko takalmi ba ya shiga.

Asabar, 8 ga Maris
Abin da ta ce, kada na manta. Taurin jikina ba shi ne ciwon ba. A cikin waɗanda ta gwada, da yawa masu saurin ma jikinsu a ɗaure yake, sai dai ba ta gama tabbatarwa ba, kada na je ina wa'azi. Jijiyar ta gaji ne, ja kuma ƙara mata yake. Magani: na tsaya a bakin matakala, na ɗaga dunduniya, na sauke a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Safe da yamma. Gudu kuwa, a dakata.
Na ce, shi ke nan? Ta ce, "Shi ke nan, Kibiwott. Wahalarsa ita ce ba ya burge kowa."
Rabon da a kira ni da sunana a nan har na manta.

Talata, 11 ga Maris
Mzee Tarus ya ce gasar tantancewa tana nan ranar 12 ga Afrilu. Wanda bai yi ba ya bar gado, akwai yara suna jira. Bai ɗaga murya ba. Da ya juya na lura da tabon da ke bayan dunduniyarsa, dogo, irin na ɗinki. Kullum yana ɗingishi, ba mai tambaya.

Lahadi, 16 ga Maris
Bayan coci na je wurin Kogo, kakata. Ta cika mini ƙwarya da mursik, nonon nan mai toka, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta ce saniya ma in ta yi targaɗe ba a kora ta kiwo. Allah ya bar mini tsohuwar nan.

Alhamis, 20 ga Maris
Masu gudu suna wucewa ta bakin ƙofa, ƙasa na girgiza, ni ina matakalar ɗakin girki ina sama da ƙasa. Wani ya yi ihu, "Katako ya koma rawa!"

Juma'a, 28 ga Maris
Yau na sauko daga gado ban dafa komai ba. Sai da na kai ƙofa na tuna.
Daktari ta ƙara mini nauyi, jaka a baya. Kimeli ya zuba mini garin ugali, tuwon masararmu, na mako guda a ciki, ya ce in ya zube ni za a dafa. Igiyar kuwa ya mayar da ita ta shanya.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na tambaye ta kai tsaye ko zan iya gasar. Ta ce ƙila na gama lafiya, ƙila kuma na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan ƙafa, daga nan sai wuƙar likita. "Ƙafarka ce, ba zan ɗaure ka ba." Na so ta hana ni, da ya fi sauƙi.

Asabar, 12 ga Afrilu
Ban yi ba. Na riƙe wa Kimeli ruwa. Ya zo na huɗu, na yi ihu har muryata ta dushe. Da yamma na kwashe kayana zuwa gidan Kogo.

Talata, 22 ga Afrilu
Matakala babu a nan, turmi na kife. Daktari ta turo saƙo, na fara ɗan sassarfa a ciyawa. Ba ta daina nemana ba ko da ta gama aune-aunenta. Ban san da me zan saka mata ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Na koma ayari, da izininta. Hanya ta kowa ce. Ƙafa lafiya lau har muka fara hawan tudu, sai na ji ta ɗan ja, kaɗan, kamar yaro ya riƙe riga. Na fita gefe. Suka wuce. Wani ya faɗi abin da ake faɗa.
Ashe daga nan ana hango kwarin Kerio gaba ɗaya. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, dunduniyar wanda ke gabana kawai na sani.
Motar Mzee Tarus da ke bin ayari ta tsaya. Ya ce, "Wa ya ce ka tsaya?" Na ce, "Ƙafata, Mzee." Ya kalle ni, ya kalli ƙafar, hannunsa ya sauka ya shafa bayan tasa, ban jin ya san ya yi. Ya ce, "Hau." A hanya ya ƙara magana. Wai Kimeli ya cika gadona da takalma masu wari, ba yaron da ya yarda ya kwanta a kai, in je in kwashe.
Ban ce na ji daɗin tsayawar ba. Kunyar dai na jira, ba ta zo ba.
Ɗazu Kimeli ya tambaya ko yanzu ina taɓa yatsuna. Ban sani ba. Ban gwada ba.