Tattabarar Mikail

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Tun rasuwar matata Larai, 'yarmu Safiya ba ta ce uffan ba. Ci take, barci take, shi ke nan. Yau ta ɗauko littafin da uwarta take karanta mata ta ɗora min a cinya. Ni da na gudu daga firamare a aji huɗu.

Laraba, 8 ga Mayu

Na dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa da la'asar, hannu duk baƙin mai, muka fara. Gwaggo ta ce ba a tatsuniya da rana. Na ce wannan bugaggiya ce a littafi, dokar ba ta hau kanta ba. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Asabar, 11 ga Mayu

Labarin wani yaro ne, Mikail, da tattabararsa ta tashi ba ta dawo ba. Hajiyar da ta rubuta shi akwai wayo. Jimlolinta gajeru, kamar ta san irina ne za su karanta. Kuma ko sau ɗaya ba ta ce yaron yana baƙin ciki ba. Cewa kawai take ya hau soro ya watsa gero. Gobe ma ya watsa. Sai ta bar ka da geron.

Talata, 14 ga Mayu

Kasuwa. Gida. Na sa wa keken ɗinkin Larai mai, kamar kullum.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na leƙa babin ƙarshe kafin na karanta. Tattabarar ba ta dawowa. Wace irin mata ce wannan, yara fa take rubuta wa. Sai na gyara mata aikinta: na ce ga ta nan ta sauko, fuka-fuki fes, har da miji.

Safiya ta dube ni.

"Abba, ba haka ba ne. Ba ta dawo ba. Umma ta karanta min."

Muryar a dishe. Na ce idona ne, sai na nemi tabarau.

"Karanta daidai," in ji ta.

Na karanta daidai. Mikail ya share soron, ya sauko, ya ce yunwa yake ji. Nan Hajiyar ta tsaya. Ko rarrashi babu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Safiya ta ce in sake daga farko, kuma in bar yin murya kamar mai sanarwa a rediyo.

Yau ban sa wa keken mai ba. Mantuwa ce, ina jin.