Na Nemi Rabon Gadon Garkarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa muna lafiya, ni da yara a Zinder, ƙanena Sani da iyalinsa a ƙauye. Lafiyar jiki nake nufi. Na san masu bin shafina ne za su karanta wannan takarda, ba ke ba. Amma ke nake son faɗa wa, kafin labarin ya gama zagaya kasuwar Mirriya.

Koramar bayan garinmu da kika bari tana riƙe ruwa har tsakiyar rani, yanzu yashi ne. Da damina takan kawo ruwa kwana biyu cikin fushi, ta ci gaɓa, ta wuce. Inda kike shimfiɗa tabarma kina gyaran albasa ya daɗe da zaftarewa. Da rani masu kamiyo, manyan motocin nan, ke zuwa daga gari ɗibar yashin. Ba mamaki da shi aka gina biron nan, ofishin da nake zaune ina rubuta rahoton ceton korama.

Kin tuna jemar bakin garkarki? Ciyawar nan mai tsayi da ba ki taɓa bari a sa mata lauje ba, sai ɗan abin da za ki saƙa faifai. Maƙwabta na cewa kin bar ƙasa mai danshi tana zaman banza. Ke kuwa kan ce, "Nan rabon ruwa ne, ba nawa ba."

Shekarar da na dawo daga jami'a a Yamai, ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da ke. Na auna wurin da igiya, na nuna wa Sani a takarda yawan albasar da ake asara. Muka tumɓuke jemar da saiwarta, har kwana huɗu muna yi, don saiwar ta yi nisa cikin ƙasa. Ban tsaya na tambayi kaina me take riƙewa a can ba. Da aka gaya miki, abin da kika ce kawai shi ne, "To, 'yan lakwal masu boko sun iso." Albasa ta yi kyau shekara uku. Maƙwabta suka gani, kowa ya tumɓuke tasa.

Yau ga ni ma'aikaciya a furojen farfaɗo da korama. Muna da kwamitin haɗin gwiwa: masu garka, makiyaya, ƙungiyar mata, har da wakilin masu kamiyo, wanda kullum shi ke fara tafi. A taron farko wani ƙwararre ya zo daga Yamai, ya haska mana hoton wata ciyawa a bango, ya faɗi sunanta da Latin, ya ce saiwarta na ɗinke gaɓa. Jema ce, Inna. Na rubuta sunan a littafina kamar ban taɓa ganinta ba.

Bara mun yi dashe. Muka jira babban baƙo ya zo ya buɗe aiki, bai samu zuwa ba sai da ruwa ya ɗauke. Mako uku bayan nan aka saki dabbobi cikin gonaki kamar yadda ake yi kowace kaka. Awaki suka yi wa aikinmu duba na tsanaki, ba su bar ko ganye ɗaya ba. A rahoto an ce sakamakon yana ƙarfafa gwiwa. Ni na rubuta.

Bana tsofaffi suka karɓe ragamar. Suka ce kowane mai garka ya ja da baya taku goma daga gaɓa, a dasa jema da ruwan farko, a kewaye da ƙaya, a bar wa shanu mashayarsu. Kowa ya ce madalla. Ba wanda ya ja. Sai Malam Iliya, maƙwabcin garkarki, ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Hajiya mai takardu, ke kika koya mana cirewa, sai ki koya mana mayarwa." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Na sami Sani na ce mu fara ja da baya. Ya ce mini ni albashi nake ci, shi gaɓar nan yake ci, da 'ya'ya bakwai. Gaskiya ya faɗa. Na je sau uku, amsar ba ta sauya ba.

To, ga abin da na yi. Tun rasuwarki ba mu raba garkar ba, Sani ke nomanta, ya aiko mini da kwandon albasa da tumatir. Na kira malamai na ce a raba gado. Kin san yadda ake kallon mace mai albashi da ta zo neman kasonta a hannun ƙaninta manomi. Na kuma ce a yanka mini kashi ɗaya cikin ukun nan nawa a tsaye, bin gaɓa, daga wannan shinge zuwa wancan. Liman ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da nake yi. Sani ya zo wurin awon. Shi ya riƙe ɗaya bakin igiyar.

Mun dasa jemar da ruwan farko, ni da matan ƙungiya. Maƙwabta huɗu sun ja da baya. Sauran na jira su ga abin da damina za ta yi. Ban sani ba ko za ta kama, ban sani ba ko ruwan zai dawo a zamanina.

Rijiyarki ta faɗo cikin kasona. Na aika wa Sani ya ci gaba da ɗiba kamar da. Sai ya fara haƙa tasa a can sama wajen tudu. Matarsa ta ce ya kai gaba shida bai taɓa danshi ba, kuma in bai samu ba kafin kaka, zai tafi Agadas cin rani. Kafin ki rufe ido kin ce mini, "Ki riƙe ɗan'uwanki." Na riƙe gaɓa, Inna, shi kuma ban san yadda zan yi da shi ba. Da kina nan, da na zo na zauna kusa da ƙafarki, ko ba ki ce mini komai ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya sa Sani ya tarar da ruwa a inda yake haƙa. In na yi kuskure karo na biyu, Allah Ya sa ni kaɗai zai ci.

'Yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa bari kin kira sunanta ba,
Ramatu