Baitocin da Ka Tsallake

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ƙorafi na kawo, Baba, kuma rasuwarka ba za ta hana ni kawo shi ba.

Ka tuna yadda kake biya mana tsofaffin waƙoƙin Larabawa a zaure, baiti da Larabci, fassara da Hausa? Raƙumi kam ka fassara mana shi tun daga leɓe har wutsiya. Amma akwai wuraren da in ka iso sai ka yi gyaran murya, ka ce, "Nan ba na yara ba ne," ka juya shafi.

Inna kuwa har gobe cewa take yi duk zamanku ba ka taɓa gaya mata kalma mai daɗi ba. Da dariya take faɗa, amma na san abin yana cin ranta. Ta ce abin da ka bar mata kawai shi ne wata addu'a da kake yi in ta kawo maka koko da safe. Ta haddace ta, tana maimaitawa bayan sallar asuba.

Ranar hutun aikina zafin Doha ya kore ni daga ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, na fake a wani ɗakin karatu. Can na ci karo da littafin nan naka, bugun wata jami'ar Turai, Larabci a shafi ɗaya, Turanci a ɗayan, bayanin ƙasan shafi ya fi waƙar yawa. Kai tsaye na nufi wuraren da ka tsallake. Ina haɗa Larabcin a hankali sai na ji kunnena ya san shi. Addu'ar Inna ce, Baba.

Turancin bai rufa maka asiri ba: wuyanta, gashinta, ƙamshin da take bari in ta tashi daga wuri.

Haba Baba. Mace na gabanka da kwanon koko, Hausa na bakinka, ka bar baiwar Allah tana cewa amin a kan yabon wuyanta? Sai wani farfesa da bai taɓa taka Zariya ba ne zai yi maka tafinta? Kuma aikin kaina ya faɗo: in kwaso daga Turancinsa, busasshe kamar takardar magani, in mayar Hausa, in faɗa wa uwata da bakina. Kunyar da ka guje wa ni ka bar wa gadonta, kuma na ji haushinka sosai.

Na dai kira ta a waya, na yi ta in'ina wajen fassara mata. Can ta ce in maimaita mata wurin gashin nan, a hankali.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ku a Aljanna. In kun haɗu, don Allah ka faɗa mata da Hausa.

'Yarka,
Hadiza