Na Yanke Igiyar Fatsar Aminina a Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum Malama Sabuwa. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, al'amarin nan ya hana ni sukuni. Ni mutumin Damagaram ne, ina aiki a Lyon ta ƙasar Faransa, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Ina da amini, zan kira shi Uzairu, ɗan Maraɗi. Tare muka yi karatu, ɗaki guda muka zauna a unguwar La Guillotière, tukunya guda. Mu biyu babu wanda ya taɓa ganin teku sai a ƙasar nan. Wani abokin aikinsa ne ya fara kai mu kamun kifi da fatsa a kudancin Faransa. Ranar amai na wuni ina yi, shi kuwa Uzairu ya dawo kamar an yi masa bushara. Daga baya aiki ya mai da shi Bobigny, kusa da Paris, amma duk kaka mukan haɗa konjenmu, wato hutun aiki, mu tafi Dakar, mu ɗauki hayar jirgin ruwa. Muna kama jan kifi, muna kama dogon nan mai kaifin haƙora da ake kira tazar. Abin da Uzairu yake mafarki kuwa marlin ne, ƙaton kifi mai baki kamar mashi. Shekara da shekaru bai taɓa dacewa ba. Har 'ya'yansa suna yi masa tsiya a kai.

Bara, muna shirin tafiya, matarsa Halimatou ta kira ni a salula tana kuka. Ta ce da damina zuciyarsa ta buga, an yi masa ɗan aiki, likita ya hana shi duk abin da zai sa shi yunƙuri mai ƙarfi. Ya hana ta faɗa wa kowa, har ni. Ta yi ta yi ya fasa tafiyar ya ƙi. Ta ce ta ba ni amanarsa, in sa masa ido, kada kuma in nuna na sani. Na ɗauki alkawari. Yanzu nakan ce da tun a lokacin na ƙirƙiro dalili na fasa tafiyar, amma da na sani ƙeya ce.

Kwanakin farko lafiya lau, kifin ƙanana ne. A ranar ƙarshe marlin ya kama fatsar Uzairu. Malama, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kifin ya yi tsalle sama da ruwa, jikinsa yana walƙiya, yaran jirgin suna ihu. Aka ɗaure Uzairu a kujerar da ake zama a ja babban kifi, ya shiga kokawa da shi. Aka daɗe, rana ta take. Ni ba kifin nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Na ga leɓensa ya yi fari kamar toka, numfashinsa yana sarƙewa, yana sakin sandar fatsar da hannu ɗaya yana dafe ƙirji. Na ce ya ba ni in karɓe shi, ya daka mini tsawa, domin a ƙa'idar wannan wasa in wani ya taɓa sandar, kifin ba naka ba ne. Na ce wa mai jirgin a dakata, ya ce saura kaɗan. Gaskiya ne, kifin ya matso, muna ganin inuwarsa a ƙarƙashin ruwa. Ban san lokacin da na ɗauki wuƙa na yanke igiyar ba.

Uzairu ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya juyo ya ce: "Kai? Da hannunka?" Na ce na ga ya gaji ne. Wannan kalma ta fi yankan igiyar yi masa ciwo. Har muka sauka Paris bai sake yi mini magana ba. Daga baya na ji yana gaya wa mutanenmu cewa hassada ce ta sa ni. Na bincika zuciyata, wallahi ban same ta ba.

Da sanyi ciwon ya sake tashi, aka yi masa babban aiki, kuma an gaya masa shi da teku har abada. Na hau jirgin ƙasa na je duba shi, ya amsa gaisuwata kamar ta baƙo, ya juya fuska bango. Abin da ke cin raina shi ne, ashe wannan ne kifinsa na ƙarshe. Wataƙila da na ƙyale shi 'yan mintoci da ya kama abinsa lafiya. Wataƙila kuma gawarsa zan dawo da ita. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Matata A'i ta ce in fasa ƙwai kowa ya huta. Halimatou tana roƙona in rufa mata asiri, tana tsoron abin da zai biyo baya a gidanta. Ga kaka ta sake zagayowa, sandunan fatsata suna jingine a bayan ƙofa, ko kallonsu ba na son yi. Me zan yi?

Naki, Mai Nadama daga Lyon.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa Mai Nadama.

Ka fara da sauke wa kanka rabin kayan. Ba a yi wa mutum hukunci da abin da ya ɓoyu gare shi. Ka san ciwonsa, ka ga alamunsa da idonka, kuna nesa da asibiti, ka nemi ya ba ka sanda ya ƙi, ka nemi mai jirgi ya tsaya ya ƙi. Wanda ya zaɓi ran amininsa a kan kifi a irin wannan hali bai yi abin kunya ba. Tashin ciwon daga baya ma ya nuna tsoronka ba na banza ba ne.

Amma ka duba ta ɓangarensa. An yanke masa hukunci a gaban baƙi, an ce ya gaji, alhali yana gab da abin da ya daɗe yana nema. Mutumin da ya ɓoye ciwonsa don kada a ga kasawarsa, wannan kalma ba ƙarama ba ce a wurinsa. Kuma tunda ba ka ba shi dalili mai kama hankali ba, ya nemo nasa. Ina kuma zaton wani kaso na fushin ba naka ba ne, na lafiyar da ta gudu ne, kai ne kawai kake kusa.

Amanar Halimatou ba taka ba ce da za ka fasa, don haka ban goyi bayan shawarar A'i ba, ko da yake na fahimci tausayinka take ji. Sai dai abin da idonka ya gani a jirgin naka ne, kuma ba ka taɓa gaya masa ba. Zumunci a ƙafa yake. Ka je Bobigny da kanka, ban da salula, ban da ɗan aike. Ka gaya masa yadda ka ga leɓensa da hannunsa a ƙirji, da irin tsoron da ya kama ka. Ka ba shi haƙuri a kan kifin da ya rasa da kalmar da ka faɗa. Kada ka ce ka yi kuskuren ceton sa, domin ba ka yi ba.

Kafin ka tafi, ka sanar da Halimatou cewa ba za ka ambace ta ba, amma in ya tambaye ka kai tsaye ba za ka yi ƙarya ba. Ka ƙarfafa mata gwiwa ta faɗa masa da bakinta, a lokacin da ta ga ya dace. Ciwon da ake ɓoyewa ya riga ya fito fili, kuma abin da ta yi so ne ya kawo shi.

Mai yiwuwa ya sake juya maka baya. Ka yi sallama cikin mutunci, bayan wani lokaci ka koma. Kada ka matsa masa sai ya ce ka yi daidai. In ya yarda ku sha shayi tare, ya isa.

Allah ya ba Uzairu lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zukatanku, ya saka maka da alheri a kan riƙon amana.

Malama Sabuwa